Wata tara ina koyon waƙa wurin malamar murya ta intanet: abin da na samu da abin da ya gagara

Ranar da na fara darasi da ita, da shirina na zo. Na zaɓi waƙar da nake ganin babu wanda ya isa ya kushe ni a kanta, wadda duk inda na rera sai an tafa mini. Na jingine waya a kan tarin littattafai, na ja da baya, na buɗe maƙogwaro na zuba. Da na gama sai na tsaya ina haki ina jiran yabo. Malama ta yi shiru, har na zaci sabis ne ya ɗauke. Can sai ta ce, "Idan kin yi irin wannan na awa guda, washegari da safe yaya muryarki take tashi?" Na ce a dishe, amma ai kowa ma haka yake. Ta ce a'a, ba kowa ba.

Yau wata tara ke nan. Shekaruna 22, tun ina ƙarama nake waƙa, kuma burina in shiga makarantar kiɗa da waƙa in yi karatun murya na gaske, daga nan in riƙe ta sana'a. Mutane da dama sun tambaye ni ko koyon waƙa ta kiran bidiyo abu ne mai yiwuwa ko kuwa zubar da kuɗi ne kawai, kuma na gaji da amsawa guntu-guntu, shi ya sa na zauna in rubuta sau ɗaya. Ba zan faɗi sunanta ba, domin akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa, kuma rabin ƙorafin ma ba laifinta ba ne.

Ga yadda tsarin yake. Darasi ɗaya a mako, minti 50, daga ni sai ita. Bayan darasi takan turo mini atisayen makon, ta kaɗa shi a fiyano ta naɗa. A tsakiyar mako ina da damar tura mata gajerun naɗi guda biyu, ta saurara ta mayar mini da saƙon murya. Kuɗin wata ake biya tun kafin a fara, kuma duk darasin da ka soke saura ƙasa da awa 24, ya tafi ke nan. Kuɗin ba kaɗan ba ne a wurin ɗaliba irina. Sai da na haƙura da wasu abubuwa kafin na iya riƙewa.

Ban da ta ranar farko, makonni shida na farko ban rera waƙa ko ɗaya ba. Wannan ya kamata duk mai shirin biya ya sani, don kada ya yi irin fushin da na yi. Abin da ta ba ni shi ne siririn bututun nan na shan lemo da rabin kofin ruwa. In sa bakin bututun a ruwa, in riƙa fitar da sauti ta cikinsa daga ƙasa zuwa sama in dawo, kumfa tana tashi daidai ba tare da ta yi tsalle ba. Sai karkaɗa leɓɓa irin na yaro mai kwaikwayon babur. Sai huci a hankali ina ƙirga daƙiƙoƙi. Ina yi ina jin kunyar kaina, 'yan gidanmu suna leƙowa suna dariya. A mako na huɗu na kasa daurewa na ce mata, "Malama, ni fa waƙa na zo koyo." Ba ta ji haushi ba. Ta ajiye atisayen ranar gefe, ta yi mini bayanin da har yau nake ganin shi kaɗai ya biya kuɗin watan.

Ta ce murya daga wasu 'yan tantani biyu take fitowa a cikin maƙogwaro, waɗanda tsawonsu a wurin mace bai kai santimita 2 ba. Iska tana tasowa daga huhu, ta ratsa tsakaninsu, su riƙa buɗewa suna rufewa. Idan na riƙe sautin "la" ɗin nan da ake saita kayan kiɗa da shi, tantanin suna haɗuwa sau 440 a cikin daƙiƙa ɗaya. Ta ce in lissafa awa guda da kaina. To ni abin da nake kira ƙarfin murya ashe matse wuya ne: ina tura iska da ƙarfin tsiya, ina ɗaure naman wuya don ya tare ta, tantanin suna gwabzuwa da juna kamar ana tafi da zafi. Shi bututun nan yana rage ƙofar fitar iska ne, sai wani ɗan matsi ya dawo baya ya tallafi tantanin, su yi rawarsu ba tare da bugun juna da ƙarfi ba. Ba ita ta ƙirƙiro dabarar ba. Wani masanin kimiyyar murya a Amurka, Ingo Titze, shi ya yi fice wajen bayyana yadda take aiki da yaɗa ta, kuma masu gyaran murya a asibiti ma suna amfani da ita. Tun daga ranar na daina raina kofin ruwan.

Irin wannan bayani shi ne babban abin da ya bambanta ta da bidiyoyin kyauta da na shekara biyu ina bi a YouTube. Bidiyo zai ce maka "yi waƙa daga ciki", amma ba zai gan ka kana ɗaga kafaɗa duk lokacin da za ka ja numfashi ba. Ita ta gani tun a minti biyar na farko. Ta sa na ɗora hannuwa a gefen haƙarƙari, ta ce in ja iska har in ji sun buɗe, sannan in hana su rushewa da wuri yayin da sauti ke fita. Italiyawa suna da sunansu na wannan, appoggio, wato jingina. Da farko daƙiƙa 14 nake iya huci kafin iska ta ƙare, yanzu ina wuce 30 ba tare da jiri ba.

Akwai wani abu da ta gano wanda ya ba ni mamaki ƙwarai, ganin cewa ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya. Ta lura duk lokacin da zan fara sauti da wasali, sai an ji wani ɗan "ƙat" kafin muryar ta fito, kamar an buɗe murfin kwalba. Ta tambaye ni yadda muke faɗin kalmomin da suka fara da wasali a harshenmu. Na ce mata "abu", "ido", "uwa". Ta ce in maimaita a hankali in saurari kaina. Wallahi sai a ranar na lura cewa mu ba ma fara kalma da wasali tsirara. Sai mun rufe maƙogwaro mun sake shi, irin hamzar nan, ko da ba a rubuta ta. A magana ba komai ba ne, adon harshen ne ma. Amma a waƙar da ake son sauti ya zubo a hankali, kuma a can sama, wannan rufewa duka ce ga tantanin. Mun yi kusan wata guda ina koyon fara wasali kamar da wata ɓoyayyiyar "h" a gabansa, har na iya cire "h" ɗin sautin ya fito sumul. A ɗaya gefen kuma harshenmu ya yi mini rana: da muka fara waƙoƙin Italiyanci, ta ce wasullana a tsaye suke, a, e, i, o, u, ba sa lanƙwasa a ƙarshe yadda ɗalibanta masu Turanci suke fama. Inda na sha wuya shi ne "p", wanda bakina yake mayarwa "f" ba da izinina ba. Har yanzu idan na gaji yakan suɓuce.

Sai maganar mahaɗa. Duk mawaƙi ya san wurin nan da murya take karyewa idan ana hawa, inda muryar ƙirji take ƙarewa muryar kai ta karɓa. Ni da can dabarata ita ce in ja muryar ƙirji da ƙarfi har inda ta ƙi, daga nan in ce waƙar ta yi mini sama a sauke mini ita. Na ɗauka ni mai murya ƙasa-ƙasa ce, haka Allah ya yi ni. Malama ta ƙi yarda ta sa mini suna tukuna. Ta ce a shekaruna murya ba ta gama zama ba, kuma wanda ya yi saurin ce wa ɗaliba "ke kaza ce" ya rufe mata ƙofa. Ta sa na riƙa saukowa daga sama da siririyar "u", mara ƙarfi, irin wadda da nake jin kunyar a ji ni da ita. Wata uku muryar nan tana fita kamar ta mage. A wata na biyar, wata ranar Laraba, ina cikin atisaye sai na haye wurin ban ji karyewar ba. Na tsaya na sake, na kuma sakewa. Na tura mata naɗin tun kafin in zauna. Amsarta gajeriya ce: "Na ji. Kada ki yi fiye da sau biyar yau." Haka take, ba ta da yawan yabo, kuma wanda yake son a riƙa lallashinsa zai ga kamar tana da sanyin hali.

Abin da ya sa na amince da ita gaba ɗaya kuwa ya faru ne a wata na shida. Na yi mura, ban bari ta sake ni ba na je na yi waƙa kusan awa biyu a wani taro, da hayaniya da lasifika mara kyau. Kwana goma muryata tana dishe, sautukan sama sun ɓace, na tsakiya suna fita da iska. Na shiga darasi ina cewa zan iya. Ta saurari jimla biyu ta ce ba za ta koyar da ni a haka ba, kuma ba za ta ci kuɗin ranar ba. Ta ce kunne ba ya ganin tantani. In dishewar ta kai mako biyu in je wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya leƙa da kyamara. Ta hana ni raɗa, wai raɗa ma aiki ne ga maƙogwaro, ta hana ni yawan gyaran murya. Ta kuma rushe mini wani abu da na daɗe da yarda da shi, cewa kurɓar ruwa kafin a hau dandamali tana jiƙa murya nan take. Ruwan ta hanyar abinci yake bi, ba ya taɓa tantanin. Sai jiki ya sha shi tukuna, don haka ruwan da ke aiki shi ne wanda aka sha tun sa'o'i kafin nan. Ta tuna mini da mawaƙiyar Birtaniya Adele, wadda a shekarar 2011 ta soke wasanninta saboda zubar jini a tantanin murya, aka yi mata tiyata a birnin Boston na Amurka, ba ta koma dandamali ba sai a watan Fabrairun 2012. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Na je wurin likita, aka ce kumburi ne kawai, hutu zai warkar. A allon likitan ne na fara ganin 'yan abubuwan nan biyu farare suna motsi. Daga baya Malama ta ba ni labarin cewa wani malamin waƙa ne ɗan Sifen, Manuel García, ya shahara da leƙa nasa tantanin da ɗan madubin likitan haƙori da hasken rana a 1854. Wato mu mawaƙa da hannunmu a ilimin tun asali.

To, yanzu ɓangaren da ba na jin daɗinsa.

Kai da malaminka ba za ku taɓa yin waƙa tare ba. Wannan shi ne babban giɓin, kuma babu wanda ya faɗa mini kafin in biya. Kiran bidiyo yana da ɗan jinkiri, wanda a hira ba a lura da shi, amma a kiɗa bala'i ne. Idan ta kaɗa fiyano ina bi, ni a kunnena daidai nake, ita a nata kunnen ina baya. Don haka dole ta kaɗa ta tsaya, ni kuma in maimaita, ko in kunna naɗin fiyano daga wata wayar a ɗakina in bi shi. Naɗi kuwa ba ya jiranka, ba ya numfashi tare da kai, ba ya sassautawa idan ka ja wata kalma. Wata takwas ina bin na'ura, ban san hakan ya zame mini ɗabi'a ba sai ranar da na tsaya gaban mai fiyano na gaske don shirin wani ɗan wasa. Bawan Allah nan yana jirana in ja ragamar, ni kuma ina jiransa. Muka yi ta kallon-kallo. Sai da ya ce, "Ƙanwata, ke ce mai waƙar fa, ni bin ki nake." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na biyu, ba ta taɓa jin ainihin muryata ba. Abin da take ji shi ne abin da makirfon waya ya ga damar kai mata. Manhajar kiran tana da wani tsari na kashe hayaniya, wanda yake ɗaukar dogon sauti a matsayin ƙarar fanka ya yanke shi, sannan idan na ɗaga murya ya danne ta, idan na sassauta ya ɗaga. Mun yi makonni uku tana cewa sautina yana mutuwa a ƙarshe, ina ta wahalar da kaina, ashe manhajar ce. A nan kam ina ganin laifinta: wanda yake sayar da darasi ta wannan hanya ya kamata tun ranar farko ya zaunar da ɗalibi ya nuna masa inda zai kashe wannan tsari ya kunna na ainihin sauti. Bayan mun gyara, na kuma sayi ɗan makirfo mai shiga waya, abin ya yi sauƙi. Duk da haka, tambayar da ta fi muhimmanci ga mai son tsayawa a babban zaure, wato ko muryata tana kaiwa kujerar ƙarshe, ba ta da hanyar amsa mini ita. Ta faɗi hakan da bakinta, kuma na girmama ta a kan gaskiyar.

Haka nan jiki. Rabina kawai take gani. Wata bakwai ina ƙame gwiwoyi ina waƙa, ba ta sani ba, sai da wata rana wayar ta zame ta nuno ƙafafuna. Malamin da ke ɗaki ɗaya da kai zai zagaya bayanka, ya ga inda ka ƙanƙame.

Akwai kuma abin da ya shafi zaɓinta ita kanta. Tarbiyyarta ta tsohon salon Italiya ce, kuma can zuciyarta take. Waƙoƙin da take ba ni kusan duk daga can ne. Da na kawo mata waƙar da na rubuta da kaina, irin ta zamani da ake yi da makirfo, ta saurara da mutunci, ta gyara mini numfashi a wurare biyu, amma na ga ba gonarta ba ce. Yadda ake riƙe makirfo, yadda ake ja da shi baya a babban sauti, yadda ake jin kai a cikin ƙarar ganguna, yadda ake magana da masu sauraro tsakanin waƙa da waƙa, duk babu. Balle maganar yarjejeniya da haƙƙin mallaka, waɗanda duk mai son cin abinci da muryarsa sai ya san su. Karatun rubutun kiɗa ma a gurguje muke yi, minti biyar ɗin ƙarshe, do re mi a tsaitsaye. Tsarin nan ya kusa shekara dubu, tun zamanin wani masanin kiɗa ɗan Italiya, Guido na Arezzo, a ƙarni na 11, amma ni har yanzu idan aka miƙo mini takardar da ban taɓa gani ba sai gabana ya faɗi. Kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai shirin jarrabawa: a jarrabawar waƙa ta ABRSM, wata hukumar jarrabawar kiɗa ta Landan, mai matakai daga 1 zuwa 8, wadda ake yi gaban mai jarrabawa, akwai rera abin da aka miƙo maka nan take, akwai gwajin kunne, akwai kuma waƙar gargajiya da za ka yi ba kiɗa. Na ƙarshen ba ya ba ni tsoro. Na farkon ne ya sa na nemi wani ɗalibi da ya fi ni muna zama sau biyu a mako.

Dokar awa 24 ɗin ta cinye mini darasi biyu, duka saboda intanet ya ƙi. Na yi magana, ta yafe ɗaya, ɗayan ta ce doka ce. Ban ji daɗi ba, amma ita ma lokacinta ta ware.

Wa ya kamata ya biya? Wanda yake tashi da disasshiyar murya bayan waƙa, ko wanda muryarsa take karyewa a wuri ɗaya shekara da shekaru, kuma babu ƙwararren malami kusa da shi, ya biya, kada ya jira. Amma ya tambayi abu uku kafin ya tura kuɗi: wane salo malamin ya ƙware a kai, shin za a riƙa sauraron naɗinsa a tsakiyar mako, kuma me malamin yake yi idan ɗalibi ya zo da murya a dishe. Wanda ya ce maka "daure mu ci gaba", ka gudu. Wanda kuma yake neman a koya masa waƙoƙi uku cikin wata ɗaya don wani wasa da ya matso, ba nan ne wurinsa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wannan malamar bututu za ta miƙa masa.

Ni dai na sabunta na wata shida. Gwajin shiga makarantar saura wata huɗu, waƙoƙi uku ake so, ɗaya da harshen waje. Na shirya da mai fiyanon nan muna haɗuwa duk ranar Asabar a wani zaure da babu kowa, ƙawata tana zama a kujerar ƙarshe da waya tana naɗa, in tura wa Malama da dare. A naɗin makon jiya ta ce baitin farko ya kai, na biyu kuma na koma matse wuya daga inda kalmar ta fara da "a". Ta ce in koma kofin ruwa kwana uku kafin mu sake taɓa shi.